Tara kuɗin sayen gidan sauro: abin da ya kamata ka sani

Macen sauro nau'in anofilis ce ke yaɗa zazzaɓin maleriya, kuma galibi tsakanin magariba da asuba take cizo. Gidan sauro mai magani yana tare ta sa'ad da kake barci, maganin da ke jikin zarensa kuma ya kashe ta idan ta sauka a kai. Idan gidaje da yawa suna amfani da shi, sauron unguwa yakan ragu, har maƙwabcin da bai samu ba ya amfana.

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cutar ta kashe mutum 608,000 a shekarar 2022, kusan kashi 31 cikin 100 a Najeriya. Mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Yawancin gidajen sauron da ake rabawa kyauta da kuɗin tallafi ake sayensu, daga irin su Global Fund, da Against Malaria Foundation ta Ingila wadda ke karɓar gudummawar ɗaiɗaikun mutane. A babban rabo, wanda akan yi duk bayan kamar shekara uku, ana ba kowane mutum biyu guda ɗaya. Sai dai rabon kan tsallake wasu, musamman 'yan gudun hijira, almajiran makarantun allo da jariran da aka haifa bayan an gama. A nan ne kuɗin da ƙungiyarku ko masallacinku ko cocinku ya tara zai fi amfani.

Kafin ku saya, ku tuntuɓi jami'in maleriya na ƙaramar hukumarku. Sauro a wurare da yawa ya daina jin tsohon maganin, shi ya sa aka fito da masu ƙarin sinadarin PBO da masu magani iri biyu. Wanda tela ya ɗinka ba magani ya fi babu, amma ba shi ya kamata kuɗin jama'a ya saya ba. Ku ƙirga shimfiɗun kwana, ba yawan gidaje ba, ku fara da masu juna biyu da ƙananan yara. Ku haɗa da igiya da ƙusa. Rashinsu kaɗai kan sa gidan sauro ya shekara a leda.

Bayan wata guda ku koma ku duba. Wasu kan ajiye saboda zafi, wasu su killace lambu ko kaji da shi.

Idan kai aka ba wa, ka shanya shi a inuwa na awa 24 kafin ka ɗaura, ka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Wanki sai ya yi datti, da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Ɗinke duk inda ya yage. Yakan yi kimanin shekara uku.

Gidan sauro yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi gwajin jini a ranar, ko da a cikinsa yake kwana.