Tashin farashin hannun jarin GameStop na 2021

Tashin farashin hannun jarin GameStop lamari ne da ya faru a kasuwar hannun jari ta New York a watan Janairun shekarar 2021, inda farashin hannun jarin kamfanin ya ninka fiye da sau ashirin cikin makonni kaɗan, sannan ya faɗo. GameStop kamfani ne mai sayar da wasannin bidiyo, hedikwatarsa tana Grapevine a jihar Texas ta ƙasar Amurka.

Asali

Kafin lamarin, cinikin kamfanin ya ja baya saboda mutane sun koma sayen wasanni ta intanet. Manyan kamfanonin zuba jari sun ari hannun jarinsa sun sayar, da nufin sake saye da araha idan farashi ya faɗi, su mayar wa masu shi, su riƙe ribar. Ƙananan masu zuba jari a dandalin Reddit sun lura da haka, suka yi ta saye. Da farashi ya tashi, masu aron suka shiga asara, dole wasunsu suka saya da tsada domin biyan aron.

Hawa da sauka

A farkon Janairu ana sayar da hannun jari ɗaya ƙasa da dala 20. A ranar 28 ga Janairu ya kai dala 483 a tsakiyar ciniki. A wannan rana manhajar Robinhood ta takaita sayen sa, farashin ya rufe a ƙasa da dala 200. Washegari ya koma dala 325, amma zuwa 19 ga Fabrairu ya sauko kusan dala 40. A watan Maris ya sake haura dala 300 na ɗan lokaci. Waɗannan alkaluma na kafin raba kowane hannun jari gida huɗu ne a watan Yulin 2022.

Masu riƙewa

Da yawa daga cikin ƙananan masu zuba jarin sun ƙi sayarwa duk da wannan tangal-tangal, suna kiran mai jurewa da "mai hannun lu'ulu'u". Fitacce a cikinsu shi ne Keith Gill, wanda ya fara saye tun 2019 lokacin da farashin yake ƙasa ƙwarai. Ya ba da bahasi a gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka a ranar 18 ga Fabrairu, 2021.

Sakamakon riƙewa ya dogara ne da farashin da mutum ya saya. Wanda ya saya a farkon Janairu yana da riba ko bayan faɗuwar. Wanda kuwa ya saya a dala 483 ya ga fiye da kashi 90 cikin 100 na darajar jarinsa ta zube cikin kusan makonni uku.

Bayan lamarin

Kamfanin Melvin Capital, ɗaya daga cikin masu aron, ya yi asarar kusan kashi 53 cikin 100 a watan Janairu kaɗai, kuma ya sanar da rufewa a watan Mayun 2022.