Giwa Mai Fuka-fuki: Jirgin Haya, Alhazanmu Da Haƙƙin Matuƙa

Wani mai karatu daga Batsari ya aiko mini da tambaya bayan ya raka mahaifinsa sansanin alhazai na Katsina. Ya ce shi a garinsu, da ma can Safana da Runka, jirgin da suka saba gani shi ne na soja idan ya nufi dajin Rugu. Na fasinja kuwa sai dai a shekara sau ɗaya, lokacin jigilar maniyyata. Tsohon nasa ya dawo yana ba da labarin cewa muryar da ta yi musu magana daga ɗakin tuƙi ta baƙo ce. Shi ne yake tambaya: ina namu matuƙan, kuma ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu ne?

Suna da ita, Malam. Sai dai matuƙin da ba shi da jirgi kamar manomi ne da ba shi da gona, ko ya yi yajin aiki babu wanda zai ji a jikinsa. Tarihin wannan sana'a a ƙasar nan, in aka bi shi a hankali, tarihi ne na wa ke da jirgin, wa aka ba shi ya tuƙa.

Tun farko da jirgin wasu aka soma. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar. A 1946 Turawan mulki suka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, wanda Najeriya ke da kashi 68 cikin ɗari, ragowar na Gana da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta samu 'yanci ta ware ta kafa nata, sai gandun ya watse a ƙarshen Satumba 1958. Najeriya ta gaji ƙananan jiragen da ke zirga-zirgar cikin gida, aka buɗe sabon kamfani ranar 1 ga Oktoba, gwamnati na da kashi 51, sauran na kamfanonin Ingila, Elder Dempster da BOAC. Amma hanyar Landan, wadda nan ne romon yake, jirgin BOAC ne ke bin ta da ma'aikatansa. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarin baki ɗaya, a 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Daga nan 'ya'yanmu suka fara hawa kujerar gaba, har kamfanin, wato Nigeria Airways mai tambarin giwa da fuka-fuki, ya kai yana da jirage wajen talatin.

Duk da haka, da zarar lokacin Hajji ya zo sai a koma haya. Jiragen gida ba sa isa, don haka a ɗauko na waje, da matuƙansa da makanikansa, a liƙa masa lambar tafiya ta Najeriya. Sau biyu wannan tsari ya jefa Arewa cikin makoki. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, da aka yi shatarsa ya kwaso alhazai daga Jidda, ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Na biyun ne nake so mu ɗan tsaya a kansa, domin har gobe ana kiransa da sunan da bai dace da shi ba.

Ranar 11 ga Yuli 1991, da safe, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin Sarki Abdul'aziz na Jidda zai nufi Sakkwato. Alhazai 247 ne a ciki da ma'aikata 14. A takarda sunansa jirgin Nigeria Airways mai lamba 2120. A zahiri kuwa na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair. Kamfaninmu ya ɗauko shi haya da ma'aikatansa, sannan ya sake miƙa shi ga wani kamfani, Holdtrade, don jigilar alhazai. Hannu uku ke nan a kan jirgi ɗaya.

Binciken da aka yi bayan hatsarin ya nuna abin da ya faru dalla-dalla. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kwanaki kafin ranar, har an taɓa alƙaluman da ke cikin takardar duba jirgin. Da safen nan babban makaniki ya nemi a ƙara wa tayoyin iska. Tayar jirgi ba irin ta mota ba ce da za a kai wa mai faci a bakin titi, iskar naitirojin ake ɗura mata, kuma ba a same ta nan take ba. Jami'in da kamfanin Nationair ya ɗora wa kula da jadawalin jigilar bai yarda a jinkirta ba. Jirgi ya ɗauki gudu a kan titi, taya ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfen ƙafa ya riƙa gogar kwalta har ya kama da wuta. Matuƙan ba su sani ba, domin babu na'urar da za ta nuna musu wuta a wannan wuri. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgin cikin cikinsa kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar ciki da hannunsu. Sun juyo za su sauka, amma jirgin ya tarwatse saura ƙasa da kilomita uku ya kai titi. Babu wanda ya tsira. Allah Ya ji ƙansu, Ya karɓi Hajjinsu.

Abin da ke sosa mini rai a wannan labari shi ne makanikin nan. Ya ga matsala, ya faɗa, amma babu wanda ya tsaya a bayansa. A inda ƙungiyar ma'aikata ke da ƙarfi, injiniya na iya cewa jirgi ba zai tashi ba, ya kwana da sanin cewa gobe ba za a sallame shi ba. Wannan shi ne babban amfanin ƙungiya a harkar jirgi, ya fi maganar ƙarin albashi. Shi kuwa Nationair, kafin shekarar ta ƙare ya rufe wa ma'aikatansa na cikin jirgi ƙofa saboda rigimar ƙwadago, ya ɗebo wasu suka maye gurbinsu, aka shafe fiye da shekara ana ja. A 1993 ya durƙushe.

To mu dawo gida, wa ya kashe giwar, wato Nigeria Airways? Nan ne bakin masu labari ya rabu. Wasu sun ce ma'aikata ne: sun yi yawa, jirage kaɗan, ga sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu, ga lalaci. Tsofaffin ma'aikatan kuma sun ce manya ne: shugabannin da ake sauyawa kamar riga, jami'an gwamnati masu hawa ba biya, jirgin da za a janye daga layin fasinja don tafiyar wani babba, da kwangilolin haya da gyara waɗanda kuɗi ke fita jirgi bai dawo ba. Shugaba Obasanjo ya sha faɗa cewa ya bar jirage sama da talatin a 1979, ya dawo a 1999 ya tarar kusan babu komai. Ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota, wanda ya bankaɗo almundahana mai yawa.

Ni dai na fi karkata ga bayanin ma'aikatan. Ban ce ba su da laifi ba, duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano da tikiti a hannu ya san akwai. Amma matuƙi ba ya sa hannu a kwangilar sayen jirgi, makaniki ba ya yanke shawarar a ɗauko haya daga Kanada. Kuma da aka rufe kamfanin a 2003, waɗanda ba su sa hannun ba su ne suka biya bashin.

Kusan mutum 6,000 aka sallama ba tare da cikakken haƙƙinsu ba. Ƙungiyoyinsu sun sha kokawa cewa an biya ma'aikatan ofisoshin ƙasashen waje, aka bar na gida. A nan ne aka ga zumuncin da mai tambaya ke nema. Kyaftin da ya tuƙa DC-10 zuwa Landan, da direba, da mai ɗaukar kaya, suka zama jiki ɗaya: ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE da sauran ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama, NUATE da ATSSSAN, suka yi ta zarya tsakanin ma'aikatu da majalisa shekara da shekaru, wasu na mutuwa a hanya. 'Yan Katsina biyu ne suka waiwaye su. Gwamnatin Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biya wani kaso a 2008. A 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki naira biliyan 22.68, rabin abin da aka amince ana bin ta, aka tantance tsofaffin a Legas da Kano da Inugu.

Sauran labarin mai karatu ya san shi. 'Yan kasuwar Arewa suka cike gurbin: Kabo a Kano, Chanchangi a Kaduna, Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, sai Azman. Matuƙan da a da suke inuwa ɗaya suka warwatsu gida-gida, kowa da mai gidansa da albashinsa, shi ya sa a Agustan 2020 da aka sallami matuƙa da dama a kamfanonin Air Peace da Bristow, NAAPE ta yi ta fama kamfani bayan kamfani. Rabon alhazai kuma yanzu hukumar alhazai ta NAHCON ke yi tsakanin kamfanonin gida da na Saudiyya, kuma wanda jiragensa suka gaza yakan ƙaro da na haya. Ko yunƙurin farfaɗo da kamfanin ƙasa, wanda ministan lokacin Hadi Sirika, shi ma ɗan jihar Katsina, ya jagoranta, da jirgin kamfanin Habasha aka nuna shi a Abuja ranar 26 ga Mayu 2023, an rubuta masa Nigeria Air. Masu kamfanonin gida, har da Max Air da Azman, sun riga sun kai ƙara, kuma a Agustan 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke yarjejeniyar.