'Yan Afirka a Rundunar Faransa: Waiwaye Daga Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan 'yan Afirka da Faransa ta ɗauka aikin soja a zamanin mulkin mallaka, tare da duba yadda lamarin ya shafi Hausawa da harshensu.

2.0 Asalin Rundunar

A shekarar 1857 gwamnan Senegal, Louis Faidherbe, ya kafa rundunar Tirailleurs Sénégalais, saboda zazzaɓi yana kashe Turawan soja. Da yawa daga sojojin farko bayi ne da aka fanso daga iyayengijinsu. Sunan Senegal ya bi rundunar duk da cewa daga baya an ɗebi Bambarawa da Mosawa da sauran ƙabilu.

A 1891 Faransa ta kafa bataliyar Tirailleurs Haoussas a Dahomey, wadda Kanar Dodds ya yaƙi Sarki Behanzin da ita a 1892. Koyi ne da Ingilishi, domin tun 1863 Glover ya tara tasa rundunar Hausawa a Ikko. Abin lura ga manazarta harshe shi ne, a bakin Turawan gaɓar teku kalmar "Hausa" takan ɗauki duk ɗan arewa mai jin harshen, ko da ba Bahaushe ba ne.

3.0 Cin Ƙasar Hausa

Da irin waɗannan sojoji ne Voulet da Chanoine suka ratsa ƙasar Hausa a 1899. Sun fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka hallaka jama'a masu yawa. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojin suka juya wa jagororin biyu, suka kashe su kusa da Maijirgi. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, aka kuma kashe Sarki Amadu Kuran Daga.

4.0 Yaƙin Duniya da Sakayya

Daga 1912 ɗaukar soja ta zama tilas, har wasu talakawan Nijar suka riƙa tsallakowa Nijeriya don kauce mata. A 1918 Blaise Diagne ya tara kimanin mutum 63,000 daga Afirka ta Yamma. Sakayyar ba ta yi daɗi ba. Ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar a kan sojojin da ke neman haƙƙinsu, a 1959 kuma aka daskarar da fanshon mazan jiya. Sai a 2024 Shugaba Macron ya amince cewa kisan kiyashi aka yi a Thiaroye.

5.0 Kammalawa

Sawun barikin yana nan a harshe: Bahaushen Nijar yana cewa "kumandan", na Nijeriya kuwa "kwamanda". Tattara irin waɗannan kalmomi daga Ƙonni da Maraɗi da Damagaram aiki ne da ke jiran masana, kafin tsofaffin da suka gaje su su ƙare.