Fito a Kogin Jama'are Kafin Zuwan Gada

A karkarar Amurka har yau akwai gadojin katako na ƙarni na 19, masu rufi kamar ɗaki, don kada ruwan sama ya ruɓar da itacen. Mu 'yan ƙasar Katagum ba mu gaji irinsu ba. Kogin Jama'are da rani rairayi ne, jaki ma ya ƙetare da kayansa. Da damina kuwa ya cika ya batse har fadama. Wane katako zai jure wannan, ga kuma gara? Sai kwalekwale da gora, a hannun masu fito. Fatake kan kwana a gaɓa suna jiran ruwa ya janye. Har lokacin da sarauta ta koma Azare daga Katagum a 1916, haka kakanninmu ke ƙetarewa.