Babbaƙu da Farfaru: Darasin Makarantun Zangonmu

Kafin gwamnati ta kafa sashen kula da ilimin Musulunci a 1987, yaron Nima da Maamobi a zauren malam yake fara karatu. Kakanninmu ne suka zo da tsarin daga Kano da Katsina, suka dasa shi a zangunan nan na Ankara.

Hikimarsa ita ce hawa-hawa. Da baki ake farawa: malam ya biya, yaro ya amsa, har ƙananan surori su zauna. Daga nan sai babbaƙu, wato haruffa tsirara, a ƙira su da sunayen Hausa irin su ba-guje, ta-kuri da mim-jaye, ta yadda baƙon harafi zai shiga kunne da harshen da aka yi wa yaro goyo da shi. Sai sun nuna sannan a shiga farfaru, a ɗora wasula. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa yaro sai ya iya. Bulala kam ta yi yawa, ba ma kewarta.

Yau 'ya'yanmu suna shiga ajin reno suna da shekara 4, alhali Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar a makarantu. Malamar da ke jin Hausa tana iya fara bayyana darasi da ita kafin Turanci, ta raɗa wa haruffan boko laƙabi, kuma ta saurari yara ɗaya bayan ɗaya kafin ta goge allo.