Tarihin Kilo Goma: Yadda Kwamfuta Ta Rage Nauyi, Da Abin Da Ta Zubar A Hanya

Ranar Asabar, 15 ga Janairun 2011, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta fara sabuwar rajistar masu jefa ƙuri'a. Shugabanta a lokacin, Farfesa Attahiru Jega, bai daɗe da barin kujerar shugabancin Jami'ar Bayero ba, jami'ar da sabon matsuguninta ke bakin hanyar da ta fita daga Kano ta bi ta Rimin Gado da Kabo har Gwarzo. Hukumar ta sayi na'urorin rajista 132,000: guda 80,000 daga kamfanin Zinox, 30,000 daga Haier, 22,000 daga Avante. Kowace na'ura kwamfutar tafi-da-gidanka ce, haɗe da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da na buga kati da ƙarin batir. Aka damƙa su a hannun 'yan hidimar ƙasa, aka rarraba su zuwa rumfunan zaɓe kusan 120,000.

Ta haka kwamfuta ta isa Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, ta isa Garo da Durun da Masanawa a ƙasar Kabo. Kwanakin farko ba su zo da sauƙi ba. A sassa da dama na ƙasar na'urorin sun yi ta ƙin karɓar zanen yatsa, har da na tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo, sai da aka gyara manhajar aka kuma ƙara wa'adi zuwa farkon Fabrairu. A ƙarshe an yi wa mutane sama da miliyan 73 rajista. Wancan ƙarin batir da aka cusa a kowane ƙunshi yana nuna cewa hukumar ta fahimci wani abu da masu tallar kwamfuta ba su cika faɗa ba: a inda wuta ba ta da tabbas, nauyin kwamfuta ya haɗa da nauyin duk abin da za a ɗauka don ta ci gaba da aiki.

Yau malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko injiniya da ke zirga-zirga a wannan hanya yana iya sayen kwamfutar da ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Sama da shekaru arba'in da suka wuce, magabaciyarta ta kai kilo 11. Sanin yadda aka zaftare waɗannan kilo goma, da abin da aka bayar a madadin kowane guda, shi ne rabin sanin wadda ta kamata a saya.

Gafaka

Matsalar ɗaukar ilimi a tafiya tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Malamin da zai fita ci-rani da ɗalibansa, ko gardin da ya nufi Gabas neman tilawa, kayan karatunsa ba su wuce abin da zai rataya a kafaɗa ba. Littattafan hannu ba a ɗinke su. Falle-falle ne ake jerawa tsakanin bango biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Wannan ya ba da damar a zare kashi ɗaya a ara wa mai kwafa, sauran na nan a hannun mai shi. Yawancin takardar ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da hamada, da tambarinta na jinjirin wata uku. Littattafan da ake yawan buɗewa a hanya, irin su Dala'ilul Khairati, akan rubuta su ƙanana, daidai tafin hannu.

Wannan tsari ya haɗa abubuwa uku: rashin nauyi, jure ƙura da rana, da sauƙin gyara. In maratayin gafaka ya tsinke, akwai baduku a kasuwar gari na gaba. In fallen takarda ya lalace, sai a sake kwafar shi kaɗai. Masu ƙera kwamfuta sun shafe shekaru arba'in suna bin na farko, kuma sau da yawa da na uku suka biya kuɗinsa.

Daga kilo 11 zuwa kilo 2

A 1972 wani masani a Amurka, Alan Kay, ya zana siffar wata na'ura da ya kira Dynabook, wadda yaro zai riƙe kamar littafi. Fasahar lokacin ba ta kai can ba. Abin da ya fara samun kasuwa shi ne Osborne 1, a Afrilun 1981: akwati mai kama da na keken ɗinki, nauyinsa kusan kilo 11, fuskarsa inci 5, farashinsa dala 1,795. Ba batir a cikinsa; duk inda aka kai shi sai an nemi soket. Kamfanin ya karye a 1983.

Daga nan kowane mataki da abin da aka sadaukar. Toshiba T1100 ta 1985 ta sauko zuwa kilo 4, tana aiki da batir, amma ba ta da babban faifan ajiya a ciki. A 1989 Apple ya fito da Macintosh Portable mai batirin dalma, dangin na mota. Tana daɗewa da caji, amma ta haura kilo 7, kasuwa kuma ta juya mata baya. Bayan shekara biyu kamfanin ya dawo da PowerBook 100 mai kilo 2.3, ya cire maratayar faifai ya mayar da ita abin jonawa daga waje. Jerin PowerBook ne ya yaɗa siffar da aka saba gani yau, madannai a can gaba, wurin ɗora hannu a kusa da mai rubutu.

A wannan shekara ta 1991 Sony ya fara sayar da batirin lithium, wanda ke riƙe wuta mai yawa a ƙaramin jiki. Babu wani ci gaba guda da ya rage wa matafiyi kaya kamar wannan. Masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel a 2019.

Hanya biyu zuwa kilo ɗaya

Hanya ta farko ta araha ce. A 2005 Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ya shelanta shirin ba kowane yaro a ƙasashe masu tasowa kwamfutar dala 100. An nuna samfurinta a Tunis a watan Nuwamba na shekarar, Kofi Annan na wurin, da wani hannu da ake juyawa don ba ta caji. Daga baya aka cire hannun, farashin ya kusa ninkawa. Duk da haka XO-1 ita ce kwamfutar da aka zana da irin yanayinmu a zuci: jikinta na jure ƙura da faɗuwa, fuskarta na karantuwa a tsakar rana, ba ta cin wuta. Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara gwada ta, a wata firamare da ke Galadima a Abuja, a 2007. Maganar sayen miliyan ɗaya ba ta tabbata ba, shirin ya shiririce.

Amma ya farkar da 'yan kasuwa. A ƙarshen 2007 Asus ya fito da Eee PC, fuska inci 7, nauyi ƙasa da kilo ɗaya, farashi mai sauƙi. Irin waɗannan ƙananan kwamfutoci sun cika kasuwa na wasu shekaru, sannan suka ɓace. Madannansu sun matse wa babba, ƙarfinsu bai kai na aikin ofis ba. Araha ba ta ado.

Hanya ta biyu ta tsada ce. A Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a. Nauyinta kilo 1.36, farashinta dala 1,799. Ba ta da wurin saka faifan CD, ba ta da mashigar wayar intanet, mashigar USB ɗaya tak gare ta, batirinta kuma a rufe yake ciki. A 2011 Intel ya ware dala miliyan 300 don sauran kamfanoni su ƙera irinta da sunan Ultrabook. Wannan hanya ce ta yi nasara. Faifai mai juyawa ya ba SSD wuri, wanda ba ya da abin motsi a ciki, don haka jijjigar mota ba ta yi masa illa. A 2020 Apple ya kawo MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1, babu fanka a cikinta, batirinta na kai mutum daga safe zuwa dare.

Sirantar ta zo da farashinta. A yawancin waɗannan kwamfutoci an liƙe RAM a jikin babban allon ciki, a wasu har da ma'ajiyar bayanai, batiri kuma a manne da gam. Abin da aka saya da shi ranar farko, da shi za a ƙare.

A kan hanyar Gwarzo

Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano. Tana da Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, inda ake koyon zanen gine-gine da ƙiyasin kuɗin gini. Kabo ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda daga baya aka amince a ɗaga ta zuwa jami'a. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Masu buƙatar kwamfuta a yankin sun ƙaru, da yawansu kuma a birni suke kwana ko suke sayayya, kullum suna kan hanya da jaka a cinya. A lokaci guda kuma farashi ya yi tashin gwauron zabo: bayan sakin naira a Yunin 2023, dalar da ake canzawa ƙasa da naira 500 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya sa kunna janareta don cajin kwamfuta ya zama abin lissafi. Kuskure a sayen kwamfuta yanzu yana iya cinye albashin watanni.

Abu na farko da tarihin ke koyarwa shi ne a auna kaya gaba ɗaya. Kwamfuta mai kilo 1.3 da ƙaramar caja mai watt 45 ko 65 kaya ɗaya ce. Mai kilo 2.5 da cajar watt 180 kaya ne daban, a kafaɗa da kuma a kan batirin sola. Wadda ke karɓar caji ta USB-C tana iya shan wuta daga babban fawa-banki mai ƙarfin da ya dace, ita da waya su yi tarayya a caja ɗaya. A garin da wutar KEDCO ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wannan ya fi sirantar jiki amfani.

Na biyu, abin da aka liƙe ba a ƙara shi. Mai sayen siririyar kwamfuta ya tambaya tun a kanti ko RAM ɗinta na cirewa. In ba ya cirewa, gigabait 8 zai ishi rubutu da lissafin ofis, amma wanda ke son ta yi masa shekara biyar ya nemi 16. Ɗalibin zanen gini kuwa, manhajojinsa na buƙatar ƙarfi da sanyaya da siririyar kwamfuta ba ta cika bayarwa ba. Gara ya jure rabin kilo na ƙari.

Na uku, ƙura da zafi. Fanka tana zuƙar iska, a lokacin hunturu kuma ƙura take zuƙa, ta toshe mafitar zafi. Kwamfutar da ba ta da fanka ta huta da wannan, sai dai tana rage gudu in aiki ya yi nauyi a zafin bazara, lokacin da ma'auni ke kai 40 a Kano. Zafi kuma shi ne babban abokin gabar batirin lithium. Barin jaka a cikin mota a rana yana rage masa kwana.

Na huɗu, wa zai gyara ta? Kasuwar kwamfuta a Kano, daga Titin Beirut zuwa Farm Centre, tokumbo ce ta fi yawa a cikinta, kuma mafi yawanta kwamfutocin ma'aikatun Turai da Amurka ne da aka sallama: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Da yake suna da yawa, batirinsu da madannansu da fuskarsu ba sa wuyar samu, masu gyara sun san cikinsu. Ƙananan cikinsu, masu fuska inci 13 ko 14, nauyinsu na tsakanin kilo 1.2 da 1.6. Samfurin da ba kowa ke da shi ba, komai kyansa, in fuskarsa ta fashe sai an jira kaya daga Ikeja ko daga waje.

Mai sayen tokumbo yana da abubuwa biyu da zai duba kafin ya biya. Windows da macOS duka suna nuna lafiyar batir, wato yawan cajin da yake riƙewa yanzu idan an kwatanta da lokacin da yake sabo. Batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 ya fara gajiya, a sa kuɗin canza shi cikin ciniki. Sannan a duba zamanin ƙwaƙwalwarta. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ya karɓar yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ta gabaci zubi na 8. Kwamfutar da ta girmi haka tana iya yin arha, amma an rufe mata ƙofar sabunta tsaro ta yau da kullum.

Ita kanta hukumar zaɓe ba ta tsaya a ƙunshin 2011 ba. A 2015 ta kawo ƙaramar na'urar tantance kati, a zaɓen 2023 kuma BVAS ce ta je rumfunan Gwarzo da Kabo, na'urar da ake riƙewa a hannu ɗaya. Wasu ayyukan da a da sai da kwamfuta, yanzu waya ta ɗauke su. Saboda haka kafin a je kanti, yana da kyau mutum ya lissafa ayyukan da wayarsa ta kasa yi masa: dogon rubutu, jadawalin lissafi, zane, shirya darasi. Wannan lissafi, da yawan sa'o'in wutar da gidansa ke samu, da nisan da ke tsakaninsa da mai gyara, su za su nuna masa kilo nawa ya kamata ya ɗauka.