Daga Bagauda Zuwa Riruwai: Tarihin da ke Kwance a Kudancin Kano



Duk wanda ya zauna ajin tarihi tare da mu, in aka ambaci Kano, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Dala da Gwauron Dutse, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Rumfa. Haka aka koya mana, haka kuma muka rubuta a jarrabawa muka ci. To, amma ni a ganina rabin labarin ke nan. Sauran rabin yana can kudu, a ƙasar duwatsu da tafkuna wadda ta tashi daga Bebeji ta bi ta Rano da Tudun Wada har ta dangane da Riruwai. Na sha zaga wannan yanki, wani wuri a mota, mafi yawa kuwa a ƙafa, shi ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura muku abin da ke wurin.

Mai fita daga birni ta hanyar Zariya, tafkin da zai fara tararwa shi ne na Bagauda, a ƙasar Bebeji. An gina madatsarsa ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka kuma sa masa sunan Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. Da yawa daga cikinmu za su tuna da watan Agusta na 1988, lokacin da ruwan sama ya yi yawa madatsar ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Otal ɗin da ke bakin tafkin, inda a da manyan ma'aikata kan je hutun ƙarshen mako, daga baya an mai da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Bebeji kanta ta girmi tafkin nesa ba kusa ba. Zango ce babba a kan hanyar fatake da ke tashi daga Kano su bi ta Zariya su nufi Gwanja sayen goro. Baturen nan mai yawon duniya, Kilafaton, ya ratsa ta cikinta a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fatauci. A nan kuma sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Molan suka fara cin karo da turjiya a ƙasar Kano a farkon Fabrairun 1903. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, Turawa suka saita igwa suka fasa ta, sarkin garin yana cikin waɗanda suka rasu. Ran 3 ga wata birnin Kano ya faɗi, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Garuruwan da ke tsakani da suka ji abin da igwa ta yi wa ƙofar Bebeji, ba su tsaya jayayya ba.

Daga nan sai Tiga, kimanin kilomita 70 daga birni. Wanda bai taɓa tsayawa a kan wannan madatsa ba, ba zai gane girman aikin ba. An fara ta a 1971 aka gama a 1974, tsawonta ya kusa kilomita 6, kuma ruwan da ta tare a Kogin Kano ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178. Da ƙasa da dutse aka gina ta, kuma ma'aikatan hukumar ruwa ta jihar su ne suka yi aikin, abin da har gobe nake ganin ba mu yaba masa yadda ya kamata ba. Daga wannan ruwa ake noman rani a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Duk wanda ya taɓa ganin motocin tumatir sun yi layi a Kwanar Gafan, albarkar Tiga ya gani.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Akwai ƙauyukan da aka tasa domin a tara ruwan, gonakinsu da kushewun iyayensu suna ƙarƙashin tafkin. Can ƙasa kuma, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda suka dogara da ambaliyar shekara-shekara don noman shinkafa da su da kiwo, sun ga ruwansu ya ragu tun da aka tare kogin, ya ƙara raguwa bayan an gama madatsar Challawa a 1992. In mun yi alfahari da Tiga, ya kamata mu riƙa tunawa da waɗanda suka biya kuɗinta ba da aljihunsu ba.

Inda tafiyar ƙafa take da daɗi shi ne tsakanin Tiga da Rano, ta wajen duwatsun Rurum. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka yanke dawa, ciyawa ta bushe, sanyin hunturu ya sauko. Hanyoyin duk burtali ne da 'yan turbobin masu zuwa gona da cin kasuwa, babu allo babu alama, saboda haka sai mutum ya fara zuwa gaida dagaci ko mai unguwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan gari. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, ɗan garin shi ya san inda kogo yake, da inda maciji ke kwana, da dutsen da ba a son baƙo ya hau. A fita da asuba, a riƙe gorar ruwa da sanda, a sauko kafin azahar, domin dutse in ya sha rana ko takalmi ba ya hana shi ƙuna. Duwatsun manya ne, wani a kan wani kamar an ɗora da hannu, kuma daga bisa mutum zai hango tafkin shimfiɗe, da kwale-kwalen masunta kamar ƙudaje a kan faranti.

Rano, kowa ya sani, tana cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinta shi ake wa kirari da Autan Bawo. A rabon aiki da kakanni suka ce an yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau rini da saƙa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa Rano ta kasa girma kamar 'yan'uwanta. Ta yi kusa da Kano ƙwarai. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Fama ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano, har ya zo ya zauna a ƙasar na wasu shekaru. Shi ne kuma ya ci Santolo, wani gari a kan dutse kudu da birni wanda ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano, kuma cibiya ce ta masu bautar gargajiya. A zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, kuma da taimakon addu'arsu littafin ya ce aka yi nasara. Wanda ya tsaya a gindin irin waɗannan duwatsu zai gane abin da ya sa aka sha wuya. Doki ba ya hawa, mai kibiya ɗaya a bakin kogo sai ya tsare mutum ashirin.

Wannan ne ya sa yankin ya zama mafaka ga duk wanda duniya ta juya wa baya. Da masu jihadi suka karya Sarkin Kano Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ya bar birni ya tafi Zariya, sa'an nan ya komo ƙasar Rano ya yi sansani a Burumburum. Can aka bi shi aka kashe a 1807. Bayan kamar shekara arba'in, wajen 1846, Malam Hamza da almajiransa suka bar Tsakuwa saboda rikicin haraji suka shige duwatsun Ningi. Daga nan aka sami daular Ningi, wadda a ƙarƙashin Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya ta shafe sauran ƙarnin tana kai hari kudancin Kano. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Saboda haka in ka ga ƙaramin ƙauye a wannan yanki da sauran ganuwa kewaye da shi, ko ka ga kufai a kan tudu inda babu ruwa kusa, kada ka yi mamaki, tsoron mahara ne ya kai mutane can. Da aka sami zaman lafiya sai suka sauko kusa da gonakinsu.

Waɗannan ganuwoyi su ne abin da ya fi damuna. Damina tana cin su, manomi yana faɗaɗa gonarsa a kansu, mai gini yana ɗibar ƙasarsu, masu fasa dutse kuma suna bin duwatsun da guduma da nakiya. Tsofaffin da suka san sunan kowace ƙofa da wanda ya mutu a bakinta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A cikinmu akwai malaman jami'a da manyan ma'aikatan gwamnati da masu riƙe da sarauta. Ko da ɗaukar maganar dattawan a rikoda ne, da auna abin da ya rage na ganuwar a rubuta, aiki ne da ƙungiyarmu za ta iya ba tare da jiran kowa ba. Malamanmu na tarihi da suka yi ritaya, na tabbata, ba za su ƙi jagorantarmu ba.

Kudu da Tudun Wada hanyar Jos ta ratsa dajin Falgore, wanda Turawa suka keɓe da sunan gandun Kogin Kano, daga baya ya zama gandun namun daji. A shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi wurin, don haka ba daji ba ne da za a shiga ba tare da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandu ba.

Bayan dajin sai duwatsun Riruwai, mafi tsawo a duk jihar, inda iska ke da sanyi kamar ta Jos, kuma akwai magangarar ruwa ta Zainabi. Tun kafin Turawa su ji labarin kuzar Filato, mutanen Riruwai suna haƙo ta suna narkawa, su zuba ta cikin siraran ramuka ta fito kamar tsinke, fatake su saya su kai Kurmi. Wasu daga cikin maƙeran sun yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwan Dalma. Irin wannan kuza ta tsinke da Turawan kamfani suka gani a hannun 'yan kasuwa a bakin Binuwai ita ce ta sa suka bi sawunta har suka hau Filato a farkon ƙarni na 20.